Iyafis Mai Sunan Tauraro: Kunnen Wa Aka Saita Wa Sautin?

Idan ka tsaya gaban teburin mai sayar da kayan waya a Wagini, ko Batsari, ko Safana, ka ce ya ba ka iyafis mai kyau, da wuya hannunsa bai kai kan koren kwalin Oraimo ba. A shekarun baya fuskar mawaƙi 2Baba ce ke tallata kayan, daga baya kamfanin ya ɗauko Burna Boy. Tallar kuma ba ta tsaya kan hoto kaɗai ba. An tallata wasu daga cikin iyafis ɗin marasa waya, irin su FreePods 2 da FreePods 3, da cewa 2Baba ne ya saita sautinsu.

To me wannan saitin yake nufi a kimiyyance? Kuma shin ya dace da kunnen mutumin yammacin Katsina, wanda mafi yawan abin da yake saurare magana ce: labarai, karatu, wa'azi, saƙon murya na WhatsApp, sai kuma waƙoƙin da baiti ne jigonsu? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin abu uku ke cikinta: kuɗin aljihunka, lafiyar jinka, da kuma iya jin abin da ke faruwa a bayanka.

Daga ina salon ya taso?

Wanda ya buɗe wannan kasuwa sosai shi ne Beats, kamfanin da mawaƙin Amurka Dr. Dre da abokinsa Jimmy Iovine suka kafa a 2006. Kayansu na farko ya fito a 2008, kuma kamfanin Monster ne ya ƙera musu. A 2009 aka fitar da ƙaramin iyafis mai suna Heartbeats da sunan Lady Gaga, sannan aka yi na Justin Bieber. A 2014 kamfanin Apple ya sayi Beats kan dala biliyan 3. Ganin nasarar Beats, wasu mawaƙan ma suka shigo: 50 Cent da SMS Audio, Ludacris da Soul, Ray J da Raycon.

Darasin da 'yan kasuwa suka koya shi ne, mutum ba ya iya jin sauti ta jikin kwali, amma yana iya ganin fuska. Oraimo, wanda ke ƙarƙashin kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wato masu Tecno da Itel da Infinix, ya ɗauki wannan darasi ya kawo shi Afirka, da farashin da ya yi ƙasa da na Beats nesa ba kusa ba. Wannan abin a yaba ne, kuma za mu dawo kansa.

Mene ne saita sauti?

Sauti kaɗawar iska ne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Kaɗawa kaɗan ita ke ba da amo mai kauri, irin na babbar ganga, wanda samari ke kira bes. Kaɗawa mai yawa ita ke ba da siririn amo, irin na sarewa ko shewa. Muryar mutum da kalangu da kukuma yawanci suna tsakiya.

A cikin iyafis akwai 'yar sifika: maganaɗisu, zaren waya da aka nannaɗe, da wani siririn faifai da ke rawa kamar fatar ganga. Babu sifikar da ke fitar da dukkan amo da ƙarfi ɗaya, kuma ba a ma so ta yi hakan. Ga dalili. Ramin kunnenka bututu ne mai tsawon kusan santimita 2.5, kuma shi da ganyen kunne suna ƙara wa amon da ke kusa da kaɗawa 3,000 ƙarfi kafin ya isa dodon kunne. Ƙwaƙwalwarka ta saba da wannan ƙarin tun kana jariri. Da zarar ka toshe ramin da iyafis, ka ɓata wannan tsari, dole injiniya ya sake gina shi da hannu. Saita sauti ke nan: yanke shawarar wane amo za a ɗaga, wane za a sauke, kuma da nawa.

Wannan aiki ana yin sa ne a ɗakin gwaji, da kunnen roba mai makirfo a ciki, da na'urorin awo. Abin da tauraro zai iya yi shi ne ya saurari samfura ya ce wannan ya fi yi mini daɗi. Ba mu raina hakan ba, ai Dr. Dre da 2Baba sun shafe shekaru a ɗakin ɗaukar waƙa. Amma ka lura da abu biyu. Ramin kunnensa ba irin naka ba ne, kuma iyafis ɗaya yakan yi amo daban a kunnuwa biyu. Sannan abin da ya saurara wajen gwaji, a bisa dukkan alamu, irin kiɗansa ne. Sunansa a kan kwali shaida ce ta ɗanɗanonsa da kuma yarjejeniyar kasuwanci, iyakarta ke nan.

Akwai binciken da ya dace ka sani. A 2017 wani masanin sauti mai suna Jeroen Breebaart ya nazarci awon na'urorin sauraro 283, manya da ƙanana, ya wallafa sakamakon a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka. Bai samu wata alaƙa tsakanin tsadar na'ura da yadda take rarraba amo ba. Idan farashi kansa ba ya ba ka tabbaci, ina ga hoton mawaƙi?

Maganar bes, a yi mata adalci

Abin da kusan duk iyafis masu sunan taurari ke alfahari da shi shi ne bes. Beats da shi ya yi suna. Oraimo ma har suna ya raɗa wa nasa salon, HavyBass. Masu sharhi da yawa sukan yi wa wannan dariya, amma gaskiyar ita ce akwai hujjar kimiyya a bayansa.

Idan kana filin biki ana kiɗa, ba kunnenka kaɗai ke jin ganga ba, ƙirjinka ma yana ji. Iyafis ba ya iya girgiza ƙirji, don haka mutane sukan so a ɗan ƙara musu bes ya cike gurbin. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman, masu JBL da AKG, sun shafe shekaru suna gwada mutane ba tare da sun ga sunan abin da suke saurare ba. Sun gano cewa mafi yawan mutane suna son bes mai ɗan ƙarfi, kuma a iyafis na cikin kunne sun fi son sa fiye da a manyan na'urorin da ke rufe kunne. A wani gwajin nasu na manyan na'urorin, kusan kashi biyu cikin uku na masu sauraro sun yarda da saiti guda matsakaici. Ragowar suka kasu biyu: masu son ƙarin bes, waɗanda yawancinsu maza ne, da masu son a rage shi, inda aka fi samun mata da masu manyan shekaru.

Ka ga ke nan laifin ba a bes yake ba. Matsalar tana ga inda aka ajiye shi. Idan an ɗaga amon da ke can ƙasa, ƙasa da kaɗawa 150 ko makamancin haka, aka bar sauran, ganga za ta yi nauyi kuma murya ta fito fes. Idan kuwa ɗagawar ta malalo zuwa kaɗawa 200 har 500, sai murya ta zama kamar mai magana daga cikin randa. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: amo mai kauri idan ya yi ƙarfi yakan danne siraran da ke samansa, fiye da yadda sirara ke danne shi. Hanya mafi arha ta burge mai saye a cikin sakan goma na farko ita ce a cika wannan bes mai malala. A shago zai ji kamar ya samu duniya. Bayan awa ɗaya da shi a kunne, sai gajiya.

Yadda Hausa take zama a cikin iyafis

Nan ne inda sukarmu ta fi ƙarfi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, hawa da saukar murya ne ke raba su. Za ka iya zaton tun da muryar namiji tana kaɗawa ne a ƙasa, tsakanin kusan 85 zuwa 180 a sakan, to ƙarin bes zai taimaka wajen jin karin. Ba haka abin yake ba. Layin tarho na gargajiya yana wucewa ne da amo daga kaɗawa 300 zuwa 3,400 kacal, wato yana yanke tushen muryar namiji gaba ɗaya, amma ba ka taɓa rikita kuka da kuka a waya ba. Ƙwaƙwalwa tana gano karin ne daga amon da ke hawa a saman tushen. Ma'anar magana a tsakiya take zaune.

Su kuwa baƙaƙe sun fi rauni. Abin da ke raba baki da baƙi, kasa da ƙasa, sawo da tsawo, 'yar gajeriyar fashewa ce ko huci, mai ƙarancin ƙarfi, wadda yawancinta ke sama da kaɗawa 2,000. Irin wannan ne amo mai kauri ke fara haɗiyewa. Mai sauraren karatu da ke son ya rarrabe mafitar haruffa, ɗalibin da ke bin darasi, ɗan kasuwar da aka turo wa saƙon murya kan farashin gero ko akuya, duk waɗannan 'yan ƙananan amo suke buƙata.

Kiɗanmu ma haka yake. Ɗauki waƙoƙin Mamman Shata, ɗan Musawa: murya ce a gaba, kalangu yana amsa mata, kuma shi kalangu ai hawa da saukar magana yake kwaikwayo. Kuntigin Ɗanmaraya Jos siririn amo gare shi. Ko mawaƙan fiyano na yanzu, irin su Dauda Kahutu Rarara da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, mai sauraro baitin yake bi. Saitin da aka yi don kiɗan da ganga da bes ne ke jan ragamarsa zai yi wa wancan kiɗan kyau, amma bai zama lallai ya yi wa waɗannan ba.

Akwai kuma abin da ba laifin iyafis ba ne. Waƙar da aka matse, aka tura ta Xender, ta bi ta memori uku kafin ta iso wayarka, ta riga ta zubar da wani ɓangare na amonta. Tsohon kaset da aka mayar waya shi ma haka. Babu iyafis, komai sunan da ke jikinsa, da zai dawo da abin da babu shi a fayil.

Ƙira: an yi ta don wane gari?

Bari mu fara da yabo. A FreePods 3 an yi dabara mai kyau: kana iya sa masa 'yar roba ya toshe kunne, ko ka cire ta ya zauna a bakin kunne kawai. Wannan ya tona wani sirri da talla ba ta cika faɗa ba, wato rabin bes ɗin da kake ji daga toshewar yake zuwa. Idan iska tana zirarewa ta gefe, amo mai kauri shi ke fara guduwa. Shi ya sa robar da ta yi daidai da kunnenka za ta iya gyara sauti fiye da ƙarin kuɗi. Haka kuma kayan Oraimo suna samuwa har a ƙananan garuruwa, kuma kamfanin yana da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane. Waɗannan abubuwa ne na zahiri, kuma babu ruwansu da tauraro.

Sai dai iyafis marar waya, ko na wane kamfani ne, an haife shi ne don rayuwar birni. Dubi yadda yake cin karo da rayuwar Wagini.

Na farko, ƙura. Duba kwalin, za ka iya ganin an rubuta IPX4 ko IPX5. Lambar ƙarshe tana nuna juriyar ruwa da gumi. Gurbin da X yake kuwa na ƙura ne, kuma X yana nufin ba a ba da wani matsayi ba. Idan ka ga IP54, lambar 5 ɗin nan ce ke cewa an gwada shi da ƙura. A ƙasar da hunturu ke turnuƙewa wata da watanni, wannan gurbin ya fi na ruwa muhimmanci. Ƙura da dattin kunne sukan toshe 'yar ragar da ke bakin sifika, sai gefe ɗaya ya yi ƙasa, mai shi ya zaci lalacewa ya yi.

Na biyu, batir. Iyafis marar waya batir uku gare shi, ɗaya a kowane kunne, ɗaya a akwati. Batirin lithium yana tsufa da sauri a zafi, ga shi kuma a bazara zafin Katsina yakan haura digiri 40. Batiran kunnen ƙanana ne ƙwarai, an kuma manne su da gam, ba a yi su don a canja ba. Idan sun gaji, kayan sun tashi daga aiki. Ga mutumin da ke kai waya shagon caji yana biya, akwatin ƙarin kaya ne a layi.

Na uku, rediyo. A wayoyi da yawa, igiyar iyafis ita ce eriyar FM. Marar waya ba ya wannan aiki. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana. Har zuwa ƙarshen shekarar babu kira, babu intanet. A irin wannan hali rediyo ce ke kawo labari, kuma iyafis mai igiya na 'yan kuɗi kaɗan yana yin abin da mai tsada ba ya iyawa. Wasu ƙananan wayoyin Itel da Tecno suna da eriyarsu a ciki, amma ka tabbatar da taka kafin ka yar da igiya.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, jin abin da ke kewaye da kai. Ana tallata toshe hayaniya a matsayin ci gaba, kuma a cikin jirgi ko ofis haka ne. Amma mutanen da ke noma da kiwo da tafiya a kan babur a yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu sun fi kowa sanin darajar jin ƙarar babur daga nesa, ko kiran maƙwabci. Iyafis da ya rufe kunne biyu ruf yana ɗauke maka wannan. A gona ko a hanya, ka cire robar, ko ka sa kunne ɗaya, ko ka ajiye shi baki ɗaya.

Ƙari a kan haka akwai jabu. Ƙera sifika mai kyau yana da wuya, buga hoton mawaƙi a kwali kuwa aikin minti biyar ne. Duk sunan da ya yi tashe, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har teburin ƙauye, masu kwaikwayo suna biye da shi. Wanda ya dogara da fuska wajen saye shi ya fi sauƙin cuta.

Kunnen da ba a sake shi

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kusan 15,000 a kowane kunne. Su ke mayar da kaɗawa ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ƙarar ta kai desibel 90, awa 4 kacal ya rage maka a makon. A desibel 100 kuwa ko rabin awa ba ta cika ba, kuma iyafis da yawa suna iya kaiwa nan idan an ƙure su.

Ga inda wannan ya haɗu da maganar saiti. Idan bes ya danne murya, me hannunka zai yi? Zai ƙara ƙara don ka ji abin da ake faɗa. Sautin da bai fita fes ba yana tura ka wajen da ke cutar da kai. Kuma amon da ƙara ke fara lalatawa a kunne shi ne na kusa da kaɗawa 4,000, unguwar baƙaƙen nan da muka ambata. Shi ya sa mai irin wannan matsala yakan ce yana jin ana magana amma ba ya ganewa. Idan ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi, ko duniya ta yi maka dum, gargaɗi ne.

Yadda za ka gwada kafin ka biya

Ba ka buƙatar ɗakin gwaji. Ka je da wayarka da abu uku da ka sani sarai: saƙon murya na wani da ka saba da muryarsa, karatu ko labarai, da waƙa ɗaya da ka haddace. Kar ka yarda mai shago ya zaɓa maka waƙar gwaji.

Ka fara da magana, a ƙarar da ba ta wuce rabi ba. Idan sai ka ƙure kafin kalmomi su fito, ajiye shi. Idan kana kwatanta biyu, ka daidaita ƙararsu, domin tun binciken Fletcher da Munson na 1933 aka san cewa kunne yana jin bes sosai idan ƙara ta ƙaru, don haka wanda ya fi ƙara yakan yi kamar ya fi kyau. In da hali ka rufe ido, abokinka ya riƙa canja maka, ka ga ko za ka gane mai sunan tauraron. Ka gwada duk robobin da ke cikin kwalin. Ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka, saboda makirfo ma rabin aiki ne. Idan ka riga ka saya kuma bes ya yi yawa, duba saitin sauti na wayarka ko manhajar iyafis ɗin, sau da yawa ana iya rage shi.

Hukuncinmu

Iyafis masu sunan taurari ba kayan banza ba ne. Ga saurayin da ke son kiɗan zamani mai nauyi, yana da wutar caji, kuma yana zaune inda toshe kunne ba haɗari ba ne, na asali daga cikinsu zai iya biya masa buƙata a farashi mai sauƙi. Amma alƙawarin da tallar ke yi, cewa kunnen mawaƙi ya zaɓar maka sauti, ya fi abin da kimiyya za ta iya tabbatarwa girma. Ga mai sauraren magana a garin ƙura da zafi da ƙarancin wuta, jerin abin dubawa daban ne: fitowar murya, robar da ta dace, juriyar ƙura, igiyar rediyo, da damar jin waje. Sau da yawa iyafis mai igiya, ko mai ratayawa a wuya wanda ba ya faɗuwa a kunya, shi zai ci wannan jarrabawa.

Muna kuma da kira ga kamfanonin. Masu jin Hausa miliyoyi ne, daga Katsina har Maradi da Damagaram, kuma suna cikin masu sayen kayanku. Ku riƙa buga hoton awon sauti a jikin kwali yadda kuke buga hoton mawaƙi, ku gwada kayan da ƙura, ku sa saitin magana wanda za a iya kunnawa da taɓawa ɗaya. Kafin su yi hakan, kai dai ka riƙe wayarka da saƙon muryar nan, ka saurara da kyau kafin ka zaro kuɗi.